A ina ya dace a kama sito a Jos idan da tirela kaya suke zuwa?

Mai Neman Sito:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sufuri a Jos. Za a buɗe siton sari na fulawa, sukari da shinkafa, kayan kuma daga Kano da Legas za su riƙa zuwa, tirela ɗaya ko biyu a wata. Ana kuma so a riƙa tura dankalin turawa Abuja a lokacinsa. Wurare uku ake dubawa: kusa da Terminus a tsakiyar gari, kan titin Zariya wajen Farin Gada, ko kuma Bukur. Na Terminus ya fi tsada amma nan masu saye suke. Wanne ya fi, kuma me ya kamata a duba kafin a biya kuɗin haya?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin maganar haya, ka tsaya a ƙofar kowane sito ka tambayi kanka: tirela za ta iya zuwa nan, ta juya, a sauke ta? In amsar a'a ce, arhar wurin ba ta da amfani.

Tirela, kai da bodi haɗe, tana kai tsawon mita 16 zuwa 17, faɗinta mita biyu da rabi. Don ta juya ba tare da wahala ba tana son fili mai faɗin mita 25 ko fiye. Ƙofar shiga kada ta gaza mita 6, musamman in layin ƙarami ne, domin direba sai ya buɗe kwana kafin ya shiga. Ka ɗaga kai ka dubi wayoyin wuta: kwantena a kan tirela tana wuce mita 4, kuma a tsofaffin unguwanni wayoyin sun sauko ƙasa. Sai murfin kwata da ke bakin ƙofa. Nan ne aka fi yin asara. Silab ɗin da aka zuba don ƙaramar mota ba zai ɗauki tayoyin baya na tirela mai tan 30 ba, rana ɗaya zai rufta, tayar ta faɗa, a kwana ana neman janwe. A sa injiniya ya duba kaurinsa da rodin da ke ciki.

Terminus kuwa, ka sani cewa a 2024 gwamnatin jiha ta fitar da umarnin da ya hana manyan motoci shiga tsakiyar gari daga ƙarfe 6 na safe zuwa 9 na dare, hukumar raya birnin Jos (JMDB) ce ke kula da shi, kuma akwai tara mai nauyi. Ka je ofishinsu da kanka su nuna maka iyakar da dokar ta shafa kafin ka sa hannu a takarda. Ko babu doka ma, tun da babbar kasuwa ta ƙone a 2002 'yan tireda suka watsu a titunan da ke kewaye, shigar da doguwar mota Ahmadu Bello Way da rana aiki ne ja.

Ka yi lissafin da kanka. Tan 30 buhu 600 ne na kilo 50. In tirela ta tsaya a bayan gari, motar kanta (Canter) mai ɗaukar tan 5 buhu 100 za ta ɗauka, sawu shida ke nan. Kowane buhu za a sauke shi, a loda, a sake saukewa. Kuɗin 'yan dako ya ninka, ga kuɗin kanta, ga buhunan da za su yage a hanya. Ka tara wannan na wata goma sha biyu ka ɗora a kan hayar Terminus, sannan ka gwada da sauran wuraren biyu.

Dillalin Farin Gada:
Baba Direba ya gama magana a kan ƙofa, bari in ƙara a kan hanya. Kowane kaya yana da ƙofar da yake shigowa Jos. Na Kano ta Saminaka da Jengre yake biyowa, ya faɗo titin Zariya, wato Farin Gada ce farkon abin da zai tarar. Na Legas da Abuja ta Keffi da Akwanga yake zuwa, ya hau Hawan Kibo, ya iso Mararrabar Jama'a, Bukur ce a gabansa. Dankali ma daga Bokkos da Mangu ta Mararrabar Jama'a yake fitowa, daga nan kuma hanyar Abuja ta rabu. Don haka ka duba inda mafi yawan nauyin kayanka yake fitowa. In Kano ce, titin Zariya. In Legas ce, ga kuma dankali, Bukur ta fi, saboda motar ba za ta ratsa gari ba ko kaɗan.

Abin da na fi ba da shawara shi ne a raba abin biyu: babban sito a bakin gari, ƙaramin shago a kusa da Terminus ko Katako inda mai saye zai ga samfur ya biya, a kai masa da a-kori-kura ko keke. A tuna an hana acaɓa na haya a cikin Jos da Bukur, kada a gina tsarin kai kaya a kan babur.

Wani abu da ba a so a faɗa amma dole ne: a kama wuri a bakin babban titi da kowa yake iya zuwa hankali kwance, ba can cikin unguwa ba. Duk wanda ya san Jos ya san idan gari ya ɗan yi zafi aka sa dokar hana fita, direban da ya zo daga nesa ba zai yarda ya shiga lungu ba, mai saye ma haka.

Hajiya Mai Dankali:
Malam Dillali, ban yarda a kai dankali sito a Bukur ba sai dole. Dankali ba ya son yawan sauke-sauke, kowane jifa rauni ne, raunin kuma shi ne ƙofar ruɓewa. Gara a loda shi daga kasuwar da aka saya ya miƙe Abuja kai tsaye.

A duba fatarsa tukuna. In aka murza da babban yatsa ta saɓule, bai ƙosa ba, yana bukatar kwana 10 zuwa 14 a inuwa mai iska. Kada a zuba shi a buhu da jiƙa, kada a lulluɓe shi da leda. Tamfol a ɗaura shi sama-sama, iska tana ratsawa ta gefe. Dalili kuwa, Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, da an gangara Hawan Kibo zafi ya canza gaba ɗaya, dankalin da aka rufe ruf zai yi gumi kafin Keffi. A tashi da asuba a isa kafin rana ta take. Daga Akwanga zuwa Abuja titin tagwaye ne, amma daga Jos zuwa Akwanga hannu ɗaya ne, in babbar mota ta lalace a hawan sai layi ya taru, don haka kada a yi wa mai saye alkawarin awa.

Mai Neman Sito:
Allah ya saka da alheri. To jirgin ƙasa da filin jirgin sama na Heipang fa, akwai abin da za su rage mana?

Tsohon Direba:
Kada ka sa su a lissafi yanzu, Alhaji. Layin dogo ya iso Jos daga Kafanchan tun 1927, a Kuru kuma reshen Bauchi da Maiduguri ya rabu, amma tsohon siririn layi ne, ba abin da ɗan kasuwa zai ɗora jigilar fulawarsa a kai ba ne a yau. Heipang kuwa na fasinja ne da ƙaramin saƙo mai tsada. An daɗe ana maganar tashar sauke kwantena a can. Ranar da ta kama aiki sosai, masu sito a Bukur ne za su fara cin moriya.

Maganar Hawan Kibo da Hajiya ta kawo, a ja kunnen direban da zai ɗauki dankalin. Ya sa babbar giya, wato ta ƙasa mai rage gudu, tun daga sama, ya bar injin ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga farkon gangara, kafin tsakiya birkin ya yi zafi ya daina kamawa. A tsiyaye ruwan tankin iska kafin a tashi, a duba kaurin takalmin birki, kuma kada a yarda ɗan kamasho ya ƙara buhu ashirin a kan lodin da aka yi ciniki. A rubuta adadin buhu, lambar mota da lambar wayar direba a wayabil, kwafi uku: ɗaya wurinka, ɗaya wurin direba, ɗaya a tura wa mai karɓa a Abuja.