Daga Marakesh zuwa rairayin Merzuga a kan babur, ni kaɗai: ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Karatu nake a Marakesh ta ƙasar Maroko. Idan an ba da hutu a watan Yuli ina so in hau babur ni kaɗai, in tsallake duwatsun Atlas in gangara har rairayin Merzuga, in dawo cikin kwana uku. Babur ɗin mai inji cc 250 ne, da kafireta, iska ke sanyaya injinsa, tankinsa lita 12, tayoyinsa masu tib ne. Me zan gyara, me zan ɗauka, kuma ina ne aka fi cin wuya? Ina so in ɗan shiga cikin yashin da shi ma.

Mai Sifana: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin maganar ƙarfe, canja wata. A Yuli da Agusta zafin Merzuga yana haura digiri 45, ga injinka da iska yake sha, iskar kuma ta zama wuta. Ka bari sai Oktoba, ko ka jira Maris da Afrilu. Tsakiyar hunturu ma ba lokacinka ba ne, don ƙanƙara kan rufe Tizi n'Tishka, mashigar da za ka bi ka tsallake duwatsun Atlas.

Kwana uku kuma bai isa ba. Zuwa kawai kusan kilomita 560 ne, da dawowa ka haura 1,100, kuma ba miƙaƙƙiyar hanya ba ce. Ka yi shida. Ranar farko Marakesh zuwa Warzazat, kusan kilomita 200 a titin N9. Ta biyu zuwa Tingir, wajen 170, ka samu sararin leƙa kwazazzabon Todra. Ta uku ka bi ta Arfud ko Risani zuwa Merzuga. Ka kwana biyu a can, sannan ka dawo ta Alnif, Tazarin da Agdaz don kada ka maimaita hanya.

Yanzu babur. Sati guda kafin tafiya, ba jajibiri ba: juye baƙin mai, sa sabon fulogi, a saita bawul, a ɗaure wayoyin wili. Duba haƙoran sifoket, in sun fara lanƙwasa kamar ƙugiya ka canja su tare da cen gaba ɗaya, don sabuwar cen a kan tsohon sifoket ba ta daɗewa. Sakin cen ka auna shi bayan ka ɗora kaya ka zauna, yatsa biyu ya isa, wato santimita biyu da rabi zuwa uku. Wanda ya ɗaure ta tamau a gareji, da zarar kaya sun danne bayan babur sai ta ƙara tsukewa ta cinye boris ko ta tsinke. Bayan gyaran ka yi yawon kilomita 50 a gari. Kuskuren bakanike a nan ya kamata ya fito, ba a kan dutse ba.

Ɗan Kwalta: Abin da Oga Mai Sifana ya faɗa haka yake. Ni kan dutsen zan tsaya, don can ne hatsarin da mutane ke rainawa. Tishka ta haura mita 2,200, Marakesh kuwa ba ta kai 500 ba. Duk mita 1,000 da ka hau, inji yana rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinsa saboda iska ta yi ƙaranci, kafireta kuma ba ta san ta rage mai ba. Za ka ji babur yana nauyi, yana ɗan tari, fulogi ya yi baƙi. Ba lalacewa ya yi ba. Kada ka taɓa saitin kafireta a bakin hanya, in ka rage mai a sama, ka sauko ƙasa cikin zafi inji zai yi zafi fiye da kima. Ka sauke giya kawai ka bar shi ya yi kuka.

Gangara ta fi hawa kisa. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, ta biyu ko ta uku, inji ya riƙe ka. Kada ka kashe inji, kada ka matse kuloci ka saki babur don tattalin mai. In ka ɗora ƙafa ko hannu a birki tsawon kilomita da yawa, man birki zai tafasa, ka matsa liba ta taɓo hannu ba abin da ya kama. Man birki yana shan danshi, wanda ya shekara biyu ka zubar ka sa sabo irin wanda aka rubuta a murfin, galibi DOT 4. Birki a taka shi da ƙarfi kafin kwana, a sake shi, ba a cikin kwanar ba. Ka riƙe gefenka sosai, manyan motoci da bas-bas na masu yawon buɗe ido suna cin layi a kwana, kuma tsakuwa na zubowa daga jikin dutse daidai inda kake kwantar da babur. A sama za ka tarar sanyi ya fi na gari da digiri goma ko fiye, jaket ta zauna a saman kaya.

Hajiyar Asibiti: Ɗana, kowa na maganar inji, ba wanda ya yi maganar mai tuƙa shi. Lita biyar na ruwa a rana, da lita biyu da ba ka taɓawa sai babur ya tsaya maka a daji. Raba su gora-gora, in ɗaya ta fashe saura na nan. A kan babur iska na busar da gumi nan take, ba za ka san kana zubar da ruwa ba sai kai ya fara sarawa. Kada ka jira ƙishi, duk awa ɗaya ka tsaya ka sha. Fitsari ne ma'auninka: in ya yi ja ko ya ɗauke, ka nemi inuwa. Ɗauki ƙunshin gishiri da sukari na kemis, in babu, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Kada zafi ya sa ka tuɓe. Idan iska ta fi jikinka zafi, buɗe fata ƙara maka zafi take yi. Ba banza Buzaye ke naɗe jiki da rawani ba. Jiƙa rigar ciki, ka ɗora jaket a kai, ka bar zif a ɗan buɗe. Hular kwano mai rufe haɓa, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu. Jiri, amai ko rikicewar tunani, tafiyar ranar ta ƙare ke nan.

Mai tambaya: Na gode Hajiya, Allah ya saka. Na mayar da ita Oktoba. To maganar yashin fa? Na ji ana cewa a rage iskar taya.

Ɗan Kwalta: Ana ragewa zuwa kamar bar ɗaya (bar ma'aunin iskar taya ne), taya ta baje. Ka miƙe tsaye a kan matakai, nauyi a baya, giya ta biyu, totur kada ya yanke, idonka can nesa, birkin gaba kuwa ka manta da shi. Da sassafe yashi ya fi tauri.

Mai Sifana: A nan ban bi ka ba, malam. Babur ɗinsa da wuya a ce yana da maƙallin da ke riƙe taya a jikin wili. In ya sauke iska zuwa bar ɗaya ya murɗa totur, taya za ta zame ta ja tib, bakin tib ya tsage daga gindi, wannan kuma ba ya facuwa. Kada ya sauka ƙasa da bar ɗaya da rabi, kuma ya sassauta ɗan notin bakin tib, in ya ga bakin ya karkace ya san taya ta fara zamewa. Da ya dawo kwalta ya mayar da iska yadda littafin babur ya ce, taya mai laushi a kwalta mai zafi fashewa take.

Gaskiyar magana ma, tuddan yashin Merzuga, waɗanda ake kira Erg Shebbi, wasu sun kai mita 150, ba wurin koyo ba ne ga mutum ɗaya da kaya. Babur ya nutse, ka yi ta wasa da kuloci, minti goma ka ƙone shi. Ka aje shi a masauki, ka hau raƙumi ko ka taka da ƙafa. In sha'awa ta matsa, sauke kaya ka gwada a bakin yashin inda ana hango ka. Hanyar dajin da ke bi ta Tawuz da Ramliya zuwa Zagora kuwa, kada taswirar waya ta ruɗe ka, akwai ƙura mai laushi kamar gari da ke haɗiye taya, ba a shiga ba abokin tafiya.

Kayan gyara: tib na gaba da na baya, ƙarfen cire taya uku, faci da gam, famfon hannu, sifanun da suka dace da notin wilinka, wayar kuloci, fulogi, mahaɗin cen, fis, rabin lita na baƙin mai. Ka cire tayar baya sau ɗaya a gida da waɗannan kayan kaɗai, abin da ya gagara ka san shi tun yanzu. Kullum da yamma buɗe iyakilina, wato matatar iskar inji, ka kakkaɓe. Cen kuma mai kaɗan, ka goge na sama, don mai da yashi in sun haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa.

Malamin Taswira: Saura lissafin mai da mutane. In babur na cin lita ɗaya a kilomita 30, tankinka 360 ne a takarda. Iska mai tahowa ta gaba da hawan dutse za su ci kasonsu, ka ɗauka 240 gare ka. Gidajen mai suna nan a manyan garuruwan hanyar, sai dai Risani zuwa Alnif kusan kilomita 100 ne da ba ka da tabbas, ka cika kafin ka fita. Tanki ya kai rabi, cika.

Ka sauke taswira a waya tun kana gari, ka riƙe layi biyu na kamfani daban. Mutum ɗaya ya san inda za ka kwana kowace rana da ƙarfe nawa zai fara nemanka in bai ji ka ba. Lambar jandarma 177, ta motar asibiti 15. Lasisi, takardar babur, inshora da katin zama su kasance a aljihun gaba, shingayen jandarma na da yawa kuma suna auna gudu, musamman a shigar gari inda iyaka ke sauka zuwa 60. Merzuga na kusa da iyakar Aljeriya, wadda ke rufe tun 1994, kada ka yi gabas da tuddan.

Busasshiyar ƙorama ba wurin hutu ba ce. Ruwa kan sauka a dutse inda ba ka gani, ya iso maka rana na haskawa, kuma Satumba da Oktoba lokacinsa ne. A Satumbar 2024 ambaliya ta kashe mutane a kudancin ƙasar. In ka tarar ruwa na gudu a kan titi, jira ya janye. Ka tashi bayan asuba, ka sauka kafin la'asar sakaliya, don a hanyar dawowa yamma ka fuskanta, rana za ta cika maka ido daidai lokacin da awaki ke tsallaka titi.