Tsohon ginin ajujuwa zai iya zama ɗakin binciken sinadarai?

Malamin Kimiyya: Assalamu alaikum. An ba sashenmu wani tsohon gini na shekarun 1970, ajujuwa ne a da, aka ce mu mayar da shi ɗakin bincike. Jiya na shiga: rufin asbestos, silin ya yi ƙasa har hannuna na taɓa shi, soket biyu kacal a kowane ɗaki. Ɗalibanmu sun daɗe suna jiran wannan wuri. Don Allah da me za mu fara?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ajiye maganar fenti tukuna. A fara duba ko daɓen bene zai ɗauki nauyin injuna. Silin ɗin nan ne ya fi damuna, domin bututun da ke zuƙe hayaƙin sinadarai yana buƙatar sarari, kuma dole bakinsa ya fita can saman rufi, nesa da tagogi. Asbestos kuwa, kada leburori su fasa shi da guduma, ƙurarsa na lalata huhu. A jiƙa shi, ƙwararru su cire shi ɗungurungum.

Hajiya Lab: Malam, wutar lantarki! Mu firizarmu mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ta tsaya kwana uku babu lantarki, samfuran jinin da muka tara wata shida suka lalace. Har yau abin na min ciwo. Ku ja wa taku firizar layinta daban da sola da batura. Tagogin luba kuma ku toshe su, in ba haka ba hunturu zai cika muku na'urori da ƙura.

Malamin Kimiyya: Na gode ƙwarai. Gobe zan je da awo in auna tsayin silin.