Waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba, ku faɗa min gaskiya

Maman 'Yan Biyu, Unguwar Rimi
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda aka yi masa tiyatar rage ƙiba, ko aka yi wa na jikinsa, ban da masu "na ji an ce". Tsawona mita 1.6, nauyina kilo 110, likita ya lissafa ya ce BMI ɗina, wato ma'aunin ƙiba da ake fitarwa daga nauyi da tsawo, 43 ne. Ga suga ga hawan jini, gwiwa kuma ta sa ina salla a kujera, alhali ban kai arba'in ba. Shayin rage teɓa, zagayen Murtala Square da asuba, barin tuwon dare, babu wanda ban yi ba. In na sauke kaɗan sai ya dawo da 'yan rakiya. Likitan ne da kansa ya kawo zancen tiyata. Yaya kuka yanke shawara, ina kuka samo kuɗin, me kuka ce wa mutane? Na ƙarshen nan ya fi hana ni barci, don gida ɗaya muke da uwar mijina da matan ƙannensa.

Hajiya Mai Atamfa, Kasuwar Gumi
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni an yi min, wadda ake kira silib. Da farko ki sani ba kitse ake zuƙewa ba, yawancin mutane haka suke zato. Tumbin da abinci ke sauka a cikinsa ake yankewa a cire wajen kashi 80 cikin 100, a bar miki siririn abu kamar ayaba. Ba a farke ciki, 'yan ƙananan huji ake yi a zura kyamara. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yunwar kanta ta ragu, likita ya ce ɓangaren da aka cire shi ke samar da yawancin sinadarin da ke sa mutum jin yunwa.

A Masar aka yi min, kafin a saki Naira a 2023. Sarƙar gwal ɗina da awarwaro na sayar, na haɗa da kwasar adashi. Wadda ta bi sahuna bayan dala ta haura Naira 1,500 a 2024 sai da ta ninka abin da na kashe har da ɗoriya, aiki iri ɗaya. In za ki yi lissafi kada ki tsaya a kuɗin asibiti: akwai biza, jirgi, masauki, da ɗan rakiya, don ba aikin da za ki tafi ke kaɗai ba ne.

Maganar mutane kuwa, ni ɓoyewa na yi, na ce Umara za ni in biya ta Alƙahira duba gwiwa. Wata huɗu da dawowata kayana suka fara yi min yawa, gashi yana zuba a matsefi. Nan kasuwa ta ɗauka. Wasu suka ce jari ne ya karye, wasu kishiya ce ta yi min sammu, wata maƙwabciyar shago kuwa ta ja ni gefe tana raɗa min inda ake gwajin jini a ɓoye. Ranar na tara su na faɗa musu. Ba su daina magana ba, amma aƙalla suka koma yi da abin da ya faru.

Nas a Tudun Wada
Anti, da 43 da suga kin cika sharaɗi ko da tsohon ma'auni. Tun 1991 ana bin BMI 40, ko 35 in akwai cuta irin suga ko hawan jini. A 2022 ƙungiyar likitocin wannan tiyata ta Amurka da takwararta ta duniya suka sauko da shi zuwa 35, ko 30 ga mai suga da makamantansa. Amma ki tambayi likitan wacce za a yi miki. Ban da silib akwai baifas, inda ake ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi a haɗa shi da hanji kai tsaye. Mai yawan ƙwannafi silib kan iya ƙara masa, shi ya sa sau da yawa ake ba shi shawarar baifas. Ita kuma baifas in kin sha zaƙi da yawa sai jiri da zufa da bugun zuciya su taso. In kina da niyyar ƙara haihuwa, ana so a jira wata 12 zuwa 18 kafin ɗaukar ciki. Ki yi wannan zancen da maigida tun yanzu, don da jiki ya sake, ciki kan shiga da wuri fiye da yadda aka saba.

Baban Hanif, Barnawa
Ni namiji ne, a Abuja aka yi min, asibitin kuɗi. Jirgin ƙasa na hau daga Rigasa, haka nake komawa ganin likita. Abin da ya kai ni minshari ne, irin wanda numfashi ke ɗaukewa, har mai ɗakina ta koma kwana a zaune tana gadina. Inshorar wurin aikinmu ta ce wannan kwalliya ce, ba ta biya, na kai takardun likita ba su sauya ba. Bashi na ci a ƙungiyar ma'aikata, na sayar da ɗan filina na wajen Rigachikun. Har yanzu ana cira a albashi.

Na zaɓi gida ne saboda wani abokin aikina da aka yi masa a Turkiyya. Aikin ya yi kyau, amma bayan ya dawo zazzaɓi ya rufe shi da ciwon ciki, aka yi ta yawo da shi a Kaduna kowa yana ɗari-ɗari da ɗinkin da ba shi ya yi ba, likitan can kuma sai saƙon WhatsApp. Allah ya tsare, ya warke. Duk inda za ki yi, ki san wanda zai karɓe ki a nan in abu ya taso da tsakar dare, kuma ki taho da rahoton aikin a rubuce.

Majalisarmu kowa ya sani, ni ban iya ɓoye-ɓoye ba. Tsiyar da suke min ita ce na biya miliyoyi an hana ni cin tsire.

Tela, Kasuwar Barci
Hajiya, ashe ke ce kike kawo kaya a rage har sau nawa! Mu dai ciniki muka samu. Duniya kenan, 'yan mata na sayen sha-ka-fashe su yi ƙiba kafin biki, iyayensu na sayar da gwal su rame.

Malamar Islamiyya, Kawo
Yayata ce ta yi, ni na yi jinyarta, don haka bari in faɗi ɓangaren da ba a sawa a hoto. Tun kafin aikin aka ɗora ta a kan abinci mara maiƙo kusan mako 2 don hanta ta ragu. Bayan aikin kuma ruwa-ruwa kawai: romo tatacce, kindirmo marar suga, kurɓa-kurɓa da cokali. Sannan markaɗaɗɗe, sannan mai laushi irin ƙwai da kifi da awara. Ba a haɗa ci da sha, sai a ba da tazarar kamar minti 30. Lemun kwalba ya haramta mata. Ranar da ta kai loma biyu ta tuwon shinkafa da sauri, sai da ta riƙe ƙirji tana hawaye, ta dawo da shi duka. Akwai lokacin da ta yi ta cewa da ta sani. Yanzu ba ta faɗa, sugarta ta daidaita har likita ya janye mata insulin, amma bitamin B12 da ayon (na ƙarin jini) da kalsiyam sha ne na har abada, ga gwajin jini a kai a kai. Wannan kuɗi ne na kowane wata da ba kowa ke sa shi a lissafi ba. Daga baya ma sai da aka cire mata matsarmama saboda tsakuwa, wai saurin rama na kawo ta.

Mahaifinmu ya fara ƙin yarda, ya ce canza halitta ne. Da muka kai masa takardun asibiti ya tambayi malaminsa, aka ce masa neman magani daban, kwalliya daban, sai ya sa albarka.

Anti Mai Kek, Malali
Ni na je har an sa min rana na janye, tsoro ya kama ni. Ina kan allurar mako-mako mai rage ƙiba irin su Ozempic a hannun likita. Na ragu, amma tsadarta ba kama hannun yaro, kuma watan da ta yanke a kemis nauyin ya fara hawa. Ban ce ki fasa ba, ki dai tambaya a auna miki duka biyun.

Maman 'Yan Biyu, Unguwar Rimi
Allah ya saka da alheri. Maigida ya sani, yana goyon baya. Hajiya, uwar mijina fa? Ita ƙiba a wurinta shaidar ɗanta yana riƙe ni da kyau ce. Sannan ya zancen azumi?

Hajiya Mai Atamfa, Kasuwar Gumi
Ki sa maigidan ya shiga ɗakinta ya faɗa mata da bakinsa kafin a yi, ya fara da suga da gwiwa, kada kalmar rama ta fito. Tukunya ɗaya kuke ci, ranar da ta ga kin ture kwano bayan cokali uku ba ta da labari, fassarar da za ta yi ba za ta yi miki daɗi ba. Matan ƙannen ki bar su, za su ji a bakinta. Azumi kuwa, wanda ya zo min kusa da aikin likita ya hana ni, don ba na iya shan ruwan kirki a zama ɗaya, sai daga baya na rama azumin. Ki nemi a sa miki rana bayan ƙaramar Salla.