Wai da gaske a Indiya in miji ya rasu sai a kori matar?

Maman Sadiya, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum. Satin ga na fita takaba, wata huɗu da kwana goma cif, Allah shi jiƙan Alhaji. Ina cikin zaman ne ɗiyata ta nuna mani bidiyon wasu tsoffin mata a Indiya, duka cikin fararen zannuwa, wasu an aske musu kai, suna zaune a layi da ƙwanoni. Wai mazansu sunka mutu, ɗiyansu sunka kai su wani gari sunka baro su. Ni dai farin zanen na san shi a finafinansu tun muna 'yan mata, amma ban taɓa kawowa korar mutum ake ba. Akwai wanda ya san gaskiyar abin?

Ɗan Mabera:
Allah shi gafarta mai, Hajiya. Gaskiya ne, na ga garin da idona lokacin ina karatu can. Sunansa Birindaban, a jihar Uttar Pradesh, kusa da Mathura, a hanyar Delhi zuwa Agra. Gari ne mai tsarki ga mabiya Krishna, ɗaya daga abubuwan bautar Hindu, kuma dubban matan da mazansu sunka mutu suna zaune nan, da yawansu daga Bengal. Suna wuni a ɗakunan bauta suna rera waƙoƙin addini, a sallame su da 'yan rufi (kuɗin Indiya) da ɗan awon shinkafa. A tsohuwar al'ada ana camfa irin wannan matar: ba ta sa kaya masu launi, ba ta ado, ba a son ganinta wurin biki. Amma ba duk Hindu ke haka ba. Mai gidan da na yi haya, uwarsa ce ke juya gidan.

Malam Na-Gawon Nama:
Doka kam sun yi ta. An hana ƙona mace tare da gawar mijinta a 1829, an halatta mata sake aure a 1856, kuma dokar gado ta 1956 ta ba ta kaso a dukiyar miji. Sai 2012 Kotun Ƙolin Indiya ta tsawatar, bayan an kai rahoton yadda ake wulaƙanta gawarwakin matan nan na Birindaban. Daga nan ƙungiyar agaji ta Sulabh ta fara ba su kuɗin wata da magani, a 2013 har sunka yi wasan watsa kala na Holi, abin da aka daɗe ana hana su. A 2018 gwamnati ta buɗe musu gida mai gado 1,000.

Inna Kulu:
Malam, ka ambaci gado ka taɓa mani ciwo. Mu nan ba aski, ba farin zane, bazawara tana aurenta lafiya lau. To amma ni shekara shida ke nan ina bin tumunina. Ƙannen miji sun saida gonar fadama, sun ce in yi haƙuri, marayu biyar ina riƙe da su da ƙosai. Ku leƙa bakin Hubbare ranar Juma'a ku tambayi tsoffin matan da ke zaune, wa ya kawo su nan.

Maman Sadiya:
Inna, kin sa gabana ya faɗi. Jibi Asabar dangin Alhaji za su zauna kan rabon gidan, ni ko takardar filin ban san wa ke riƙe da ita ba. Bari in kira yayana yanzu.