Musayar Waƙa: Ta'aziyyar Sarkin Yaƙi Abu Ali

Ɗan Tafki:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A daren 4 ga Nuwamba 2016 'yan Boko Haram suka kai hari Malam Fatori a jihar Borno, Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ya kwanta dama yana kare garin. Na buɗe da amsa-amon "ga", mai baiti ya ɗora.

Da sunan Rabbana nake farawa,
Mai ba da rai, Shi ke kuma karɓewa,
Abu Ali nake kira da yabawa,
Sarkin Yaƙi, namijin fagen daga.

Janairun 2015 muka watse,
Garinmu Baga ya faɗi, hanyoyi an datse,
Wasu a ruwa, wasu a daji a matse,
Ba mai tsayawa ɗaukar ko da riga.

Fabrairu sai ga ƙurar tankoki,
An ƙwato Monguno, sun kawo mana ɗauki,
Yana kan gaba har bakin tafki,
Ta hannunsa Allah Ya mai da mu Baga.

Tsohon Saje:
Ɗana, ka fama mini tsohon miki. Ga nawa.

Ɗan Tafki, zancenka ya zo daidai,
Mu da muka sa kaki mun san bambanci sarai,
Akwai mai ba da oda daga nesa kawai,
Akwai mai cewa a shiga, shi ya fara shiga.

A Gamboru Ngala aka ƙara masa girma,
Buratai ya liƙa anini a filin fama,
Manjo ya zama Laftanar Kanar ba gardama,
Ga anini a kafaɗa, ga hannu a bindiga.

Bataliyar tankoki ta 272 ya riƙe. Wanda bai taɓa zama cikin tanka da zafin Borno ba, ba zai gane nauyin wannan aiki ba.

Matar Soja:
Baba Saje, a gafarce ni in sa baki cikin manya.

Baba, kirarinku ya yi daɗi,
Amma mu ne in waya ta yi ƙara gabanmu ya faɗi,
Ya bar mata da 'ya'ya uku, gida ya yi musu faɗi,
Yara na leƙen dawowar uba ta taga.

Kuma ba shi kaɗai harin ya ci ba,
Akwai ƙananan soja da ba a waƙe su ba,
Rana guda aka binne su a Abuja, ba a raba ba,
Su ma 'ya'yan wasu ne, a sa su a ƙirga.

In an share makoki, jama'a ta watse,
Gwauruwa ke yawo da fayil, ƙafa ta gutse,
Kuɗin makaranta na jira, hanya a datse,
"Ki dawo gobe" ne amsar in ta shiga.

Malamin Firamare:
Ƙwar biyu kawai gare ni, ku yi haƙuri.

Ɗan Etsu, sarkin Bassa Nge, ne, uban ya yi gwamna a Bauchi,
Da inuwa ya so da ya samu, ya zaɓi rana da ƙunci.

Yana da shekara 36, uba ya ga rasuwar ɗa,
Mai furfura na tsaye, matashi aka ɗaga.

Tsohon Saje:
'Yata, kin yi gaskiya, ba ni da ja.

Ran 15 ga Janairu, ta tuna mazan jiya, mukan yi fareti,
A ajiye furanni, a sara, a busa, a yi saiti,
Na fi son in ga haƙƙin marayu cikin akwati,
An kai shi har gida, babu zirga-zirga.

Ɗan Tafki:
Yaya Matar Soja, na karɓi gyara, na sa su a addu'a.

Ya Rabbi Ka jiƙan Abu da mutanensa,
Waɗanda suka faɗi a dama da hagunsa,
Ka raya marayunsu tare da nasa,
Ka tsare na bakin iyaka masu gadi da bindiga.