Ta yaya Bligh da mutanensa suka tsira a buɗaɗɗen kwale-kwale?

Mai_Nazari: Assalamu alaikum malamai. Bayan boren da Fletcher Christian ya jagoranta a jirgin Bounty na Ingila ranar 28 ga Afrilu, 1789, an zuba Kyaftin William Bligh da mutum 18 a kwale-kwale mai tsawon ƙafa 23. Guzurinsu bai fi na 'yan kwanaki ba, yaya suka ratsa teku har suka kai tsibirin Timor da rai?

Dattijo: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Awo ne ya cece su. Sun tashi da busasshen biskit laba 150, ruwa galan 28, naman gishiri laba 32 da 'yar barasa. A tsibirin Tofua mutanen wurin suka jefe ɗaya daga cikinsu, John Norton, har lahira, shi ya sa Bligh ya daina ratsewa tsibiran da ke da mutane neman abinci. Sai ya haɗa sikeli da ƙoƙon kwakwa biyu, harsashin ƙaramar bindiga ya zama ma'auni, kimanin giram 18. Wannan ne rabon kowa na biskit safe, rana da faɗuwar rana, da ruwa rubu'in fayint (kimanin mililita 140). Daga baya ma ya soke biskit na yamma. Duk wanda ya raba da ƙiyasin ido, guzuri zai ƙare tun ana tsakiyar teku, kuma zargi zai shiga tsakani.

Jikan_Matuƙi: Allah ya ƙara sani, Baba. Ni dai a ganina sanyi ya fi ƙishirwa yi musu illa, tunda ruwan sama suna tara shi su sha. Nauyi ya danne kwale-kwalen har bakinsa bai wuce inci 7 daga ruwa ba, igiyar ruwa na afkowa, kwarfa ba dare ba rana, ga babu wurin miƙe ƙafa. Idan ruwan sama ya jiƙa su, sai su tuɓe riguna su tsoma a teku su matse su mayar, domin ruwan tekun ya fi ɗumi.

Dattijo: Haka ne. A ƙara da rabon tsuntsu: in an kama, jinin na waɗanda suka fi galabaita ne. Naman kuma mutum ɗaya ke juya baya, a nuna yanki, ya ambaci suna bai gani ba. Ba su da taswira, sai kamfas da na'urar auna tsayin rana, da igiyar auna gudu da suka ƙulla da kansu. Sun isa Kupang, wani gari a Timor, ranar 14 ga Yuni bayan mil 3,618 na teku. Abin tausayi, David Nelson mai nazarin tsirrai da ke cikinsu, zazzaɓi ya ɗauke shi a can bayan 'yan makonni.