Niyyar motsa jiki kullum ina da ita, fitar ce ta gagara, ya kuke yi?

baban_yara_tudunwada

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema. Shekarata 47, aikin ofis nake yi, daga kujera sai mota, daga mota sai tabarma a ƙofar gida. Kwanakin baya ciwon kai ya matsa min na je asibiti, aka auna aka ce jinina ya hau, sugan ma likita bai yaba ba. Ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri da maggi, sannan dole in riƙa tattaki. Wallahi abin ya taɓa ni, don da hawan jinin nan mahaifinmu ya rasu, ga yarana duk ƙanana. Har kambas na saya a kasuwar Sabon Gari a nan Zariya. To amma kullum da dare sai in ce gobe zan fara, gari na wayewa sai kai yara makaranta, sai ofis, sai gaisuwar rasuwa ko ɗaurin aure, kafin ka ankara an kira magariba jiki ya mutu. Ba wa'azin amfanin motsa jiki nake nema ba, wannan na sani kuma na yarda. Masu yi a kai a kai, ta yaya kuka samu abin ya zauna muku?

dan_samaru

Wa'alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan mahaifi. Abin da ke damunka ba lalaci ba ne, kuma ba kai kaɗai ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kashi 31 cikin 100 na manya a duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata. Matsalar tana cikin "gobe zan fara" ɗin nan ne, saboda goben ba ta da ƙarfe nawa, ba ta da a ina, to duk abin da ya zo da lokacinsa a yanke shi zai cinye ta. Ɗaurin aure an ce ƙarfe biyu bayan Juma'a a masallaci kaza, shi ya sa ba ya wuce ka.

Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya daɗe yana bincike a kan wannan, rubutunsa na 1999 ya shahara sosai. Abin da ya gano a taƙaice shi ne mutum ya ƙulla aikin da wani abu da tabbas zai faru, ya ce "idan kaza ya faru, to zan yi kaza". Da zarar abin ya faru ba sai ka tsaya shawara da zuciyarka ba, an riga an gama shawarar tun jiya. An gwada a Ingila, an wallafa a 2002, mutum 248 aka raba gida uku. Waɗanda ba a ce musu komai ba, 38 cikin 100 suka motsa jiki a satin. Waɗanda aka ba su bayani kan ciwon zuciya don a zaburar da su, 35 cikin 100, ka ga wa'azin bai ƙara komai ba kenan. Amma waɗanda bayan bayanin aka sa su rubuta rana da lokaci da wurin da za su yi, 91 cikin 100 suka yi. Gaskiya ɗalibai ne aka gwada kuma na ɗan lokaci ne, kar a ɗauka sihiri ne, amma dai tazarar ta isa mutum ya gwada tunda biro da takarda kawai zai ci.

Abin da hukumar ta ce babba ya samu shi ne minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, irin tafiyar da numfashi zai ɗaga amma kana iya magana, sai kwana 2 a sati na abin da zai ƙarfafa tsoka. Minti 30 sau biyar ya ba ka 150 ɗin. Kai dai yanzu kar ka kalli 150, rubuta layi ɗaya tukuna.

Dattijon Ƙofar Doka

Yaron nan ya yi magana. Ni ban san Bajamushen ba amma abin da nake yi kenan tun da na yi ritaya. Mu Allah ya riga ya yanka mana rana gida biyar, me za ka je nema? Ni da asuba na ɗaura nawa. In zan tafi masallaci da takalmin tafiyar nake fita, ba silifa ba, a nan duk dabarar take, don in ka ce bari in koma gida in canja takalmi to ka koma kenan, ga shimfiɗa da ɗuminta ga ƙamshin koko. Ana sallamewa in na gama azkar ɗin da zan yi a zaune sai in miƙe, sauran a hanya nake ƙarasawa da carbina a hannu, in bi titi in nufi wajen Babban Dodo in juyo. A lokacin gari shiru, 'yan keke ba su fito ba balle hayaƙi, sai masu ƙosai na hura wuta da almajirai na karatu. Ina dawowa rana ba ta yi zafi ba.

Kai da ke da kai yara makaranta wataƙila asubar ta yi maka ƙunci, to duba la'asar ko bayan isha'i, amma ka zaɓi guda ɗaya ka riƙe. Kar ka ce duk wadda ta samu. Kuma ka fara da kaɗan ɗana, minti goma ma tafiya ce, masu fara wa da gudu su ne sati na zagayowa gwiwa ta kumbura su ajiye.

Maman Biyu

Sannu Yaya, Allah ya ba da lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, abu biyu zan ƙara. Na farko tunda jininka ya hau, ka koma wa likitanka ka faɗa masa irin motsin da za ka fara, maganin kuma kar ka ajiye don ka fara tattaki, muna ganin masu yin haka ana kawo su rai a hannun Allah. In kana tafiya ka ji ƙirji ya riƙe ko jiri ko numfashi na sarƙewa, tsaya nan take ka nemi asibiti.

Na biyu, tsari ɗaya ba ya isa, sai ka yi wa ranar da abin zai ɓaci nata tsarin tun yanzu. Zauna ka lissafo abubuwan da ka san su ne ke hana ka, ai ka ma faɗe su da bakinka, kowanne ka ba shi amsa. Idan aka yi ruwa da safe, to zan zagaya tsakar gida ko in hau in sauka a matakala minti 15. Idan hazon hunturu ya yi yawa, to zan sa takunkumi in jira rana ta ɗan ɗaga. Idan gaisuwa ta taso, to zan ajiye mota nesa in taka. Idan azumi ya zo, to bayan tarawihi. Haka. Saboda mutane ba ranar farko suke faɗuwa ba, ranar da aka samu cikas ne sai su ce shikenan ya lalace, alhali akwai binciken da aka yi a wata jami'a a Landan da mutum 96, aka ga kafin sabon abu ya zama jiki yana ɗaukar kwana 66 a tsaka-tsaki, wani 18 wani har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rusa komai ba. Don haka in ka fasa Talata, Laraba ka fita kawai, ba sai ka jira Litinin ko sabon wata ba.

Kuma dan Allah ku riƙa tunawa da matanku. Mace na gida daga kicin sai ɗaki, da ana daka ana jan ruwa a rijiya yanzu duk inji ne, ƙiba da suga na cin mu a ɓoye kuma ba mai cewa komai. Ni da maƙwabciyata in yara sun tafi islamiyya muke rufe ƙofa mu yi ta zagaya tsakar gida muna hira, wani lokacin tsallen igiya. Ka ja Hajiya ku tsara tare, ko ba za ta fita titi ba a san lokacin nata.

injiniya_kwangila

Ni fa ina da ɗan ja. Duk wannan rubuce-rubucen yana da kyau amma takarda ba ta tada mutum daga barci, kuma a faɗi gaskiya garin namu bai taimaka ba, ina gefen titin da mutum zai taka? Bi ta Kwangila ko PZ da yamma ka gani, tirela a nan keke a can ɗan acaba na bi ta kan ƙafarka. Na Samaru su suna da cikin jami'a da bishiyoyi da filin wasa shi ya sa abin ke musu sauƙi. Sannan fita da duhu ma sai an lura da unguwa, akwai masu ƙwacen waya. Abin da ya riƙe ni ni mutum ne, wani abokina da ke zuwa ya buga min ƙofa, kunyar in ce masa ba zan fita ba ita ke fitar da ni ko ba na so. To a cikin tsarin a sa da wa, a kuma je a duba hanyar da rana tukuna kafin a rubuta ta.

dan_samaru

Injiniya ai ba mu saɓa ba, da wa da ta ina duk cikin tsarin suke. Wanda ya rubuta hanyar da ba ta biyuwa bai yi tsari ba tukuna.

baban_yara_tudunwada

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara girma. Ga abin da na rubuta na manna a jikin ƙofar ɗaki: Litinin, Laraba da Asabar, idan aka sallame asuba, zan taka daga masallacin layinmu in yi wajen Kongo, minti 10 zuwa minti 10 dawowa, kambas a ƙafa tun daga gida. Idan ruwa ya hana, tsakar gida. Idan na makara, bayan isha'i a cikin layi inda akwai haske. Na yi wa ladaninmu magana shi ma ashe an ce ya riƙa tafiya, ya ce mu fara jibi in sha Allah. Maman Biyu na karanta wa uwargida saƙonki, ta ce a tambaye ki, ita da gwiwa ke damunta tsallen igiyar ya dace da ita ko ta tsaya a zagayen?

Maman Biyu

A'a ta bar igiya tukuna, zagayen ya ishe ta, da takalmi mai taushi ba ƙafa a ƙasa kan siminti ba. Ta ƙara da zama da tashi a kan kujera a hankali kamar sau goma, yana ƙarfafa cinya ya rage wa gwiwar nauyi. In gwiwar na kumbura ko tana zafi da dare a kai ta a duba kafin ta ci gaba. Ita ma ta faɗi lokacinta a rubuta a ƙasan naka, a gaishe ta.